A Bar Yaro Ya Yi Magana: Tsokaci a Kan Matsayin Ɗalibi a Darasin Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a yi bayani a kan wata hanyar koyarwa wadda masana ilmin tarbiyya suka daɗe suna kira a bi, watau hanyar nan da ke sa ɗalibi a gaba, ta mai da shi mai aiki a cikin darasi maimakon mai saurare kurum. Za a dubi inda ra'ayin ya samo asali, da abin da muka gada mai kama da shi a ƙasar Hausa, sa'an nan a kawo misalin yadda za a yi aiki da shi a ajin Hausa na makarantar sakandare. Na zaɓi ajin Hausa ne saboda dalili biyu. Na farko, da yawa daga cikinmu, mu ɗaliban wannan Sashe, alli ne zai zama abin sana'armu bayan mun gama, ko mun so ko mun ƙi. Na biyu kuwa, Hausa ita ce darasin da yaro Bahaushe ke shigowa aji da rabin ilminsa a bakinsa. Yaron da bai taɓa jin sunan kimiyya ba, ya riga ya shekara goma sha biyu yana sarrafa jam'i da jinsi da karin sauti ba tare da kuskure ba. Abin mamaki shi ne, a wannan darasin ma sai ka tarar malam ne ke magana tun daga shigarsa har a kaɗa ƙararrawa, yara kuwa aikinsu amsa "E, Malam" da kwafe abin da ke kan allo.

Asalin Ra'ayin

A ƙasashen Turai akan danganta mafarin wannan ra'ayi ga Jean-Jacques Rousseau, wanda a cikin littafinsa Emile na 1762 ya nuna cewa yaro yana da tasa irin fahimta, kuma kamata ya yi a bi ta a sannu maimakon a ɗora masa tunanin manya. Amma wanda ya fi kowa fito da shi fili shi ne John Dewey, mutumin Amurka, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago cikin 1896. A makarantar nan yara kan yi girki da saƙa da sassaƙa, kuma ta cikin waɗannan ayyuka ne suke cin karo da lissafi da tarihi da kimiyya. Wanda zai auna gari ya dafa abinci, dole ya san rabi da kwata. Bayansa kaɗan, cikin 1907, Maria Montessori ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum, inda aka tanadi kayan aiki daidai tsawon yaro, aka bar shi ya zaɓi abin da zai yi, malama tana gefe tana lura.

Wanda maganarsa ta fi kusa da halin da muke ciki shi ne Paulo Freire na ƙasar Barazil. Shi ne ya kwatanta tsohuwar hanyar koyarwa da ajiya a banki: malam ya zuba, ɗalibi ya adana, ranar jarrabawa a zo a cira. Cikin 1963, a garin Angicos, shi da abokan aikinsa suka koya wa manya kimanin 300 karatu da rubutu cikin sa'o'i 40 na zama. Dabarar ita ce, kafin a fara sai da aka shiga cikin mutanen aka tattara kalmomin da suke amfani da su kullum a gona da kasuwa, da su aka gina darussan, kuma kowace kalma sai an tattauna a kanta kafin a rarraba ta gaɓa-gaɓa. Da sojoji suka karɓi mulki cikin 1964 sai suka tsare shi, daga baya ya bar ƙasar. Su dai sojojin sun gane cewa mutumin da aka saba masa da tambaya a aji, ba a aji kaɗai zai tsaya ba.

Idan aka tattara abin da waɗannan masana suka faɗa, za a ga ya tsaya a kan abu kaɗan: a fara daga abin da ɗalibi ya sani, a bar shi ya yi aiki da hannunsa da bakinsa, a bi shi gwargwadon saurinsa, kuma a auna nasarar darasi da abin da ya iya, ba da yawan abin da malam ya faɗa ba.

Abin da Muka Gada

Sau da yawa akan ji malamai na cewa wannan tsari baƙo ne, na Turawa ne, bai dace da tarbiyyarmu ba. Wannan magana tana buƙatar a sake duba ta.

Mu ɗauki makarantar allo. Wanda ya leƙa ta daga nesa, hayaniya kawai zai ji. Amma in ya matso zai ga cewa babu yara biyu da ke kan karatu ɗaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gefensa ya kai izifi goma, kowa da allonsa. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya zo gaban malam ya biya abin da ke allonsa, malam ya gamsu, sa'an nan ya je ya wanke a rubuta sabo. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ya jiran kowa, mai nauyin kai kuma ba a ja shi a guje. Babu ranar da aka tsayar aka ce kowa sai ya sauke a cikinta. Bugu da ƙari, gardi yana biya wa titibiri, titibiri yana biya wa kolo, watau ɗalibai na koyar da junansu. Hatta sunayen da aka laƙaba wa baƙaƙen Larabci, irin su ambaki da mim-jaye da ha-kuri, dabara ce ta kusantar da baƙon abu zuwa ga harshen yaro.

A makarantar ilmi ta zaure abin ya fi haka. Ɗalibi ne ke zaɓen malamin da zai je wa, gwargwadon fannin da malamin ya yi suna a kai. Shi ke zuwa da littafinsa, ko Ahalari, ko Ishmawi, ko Iziyya, ko Risala. Shi ke jan baƙi, malam yana fassarawa, kuma galibi shi ke tsayawa inda ya ga ya ishe shi na ranar. Sauran da ke zaune suna jiran layi su ma suna sauraro, don haka mai Ahalari yakan ji karatun Risala shekaru kafin ya kai gare ta. Haka nan Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) da ta tsara 'Yantaru, ba ta ce matan ƙauye su taso su koyi Larabci tukuna ba. Jajoji ta naɗa daga cikinsu, ta ba su waƙoƙi cikin Hausa da Fulatanci, suka kai musu ilmin har gida cikin harshen da suke ji.

Littattafan da malamanmu ke karantawa su ma sun yi wannan magana. Ibn Haldun a cikin Muƙaddimarsa ta 1377 ya koka a kan ɗaliban da ke shafe shekaru a majalisar ilmi suna zaune shiru, sun dogara ga hadda, in aka zo muhawara sai a ga ba su da komai. A ganinsa hanya mafi sauƙi ta samun ƙwarewa ita ce sakin harshe da tattaunawa a kan mas'aloli. Ya kuma yi gargaɗi cewa tsananta wa yaro yana koya masa kasala da ƙarya da munafunci, don yakan saba da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron duka. Zarnuji kuma, mai Ta'alimul Muta'allimi, ya fifita muzakara da munazara tsakanin ɗalibai a kan maimaici zalla.

Ba ina nufin makarantar allo ba ta da aibu ba ne. Bulala tana nan, kuma yaro kan yi shekaru yana karanta abin da bai san ma'anarsa ba. A zaure ma ba kowane malami ke son a ja da shi ba. Abin da nake nufi shi ne, bin kowane ɗalibi gwargwadon ƙarfinsa, da sa ɗalibai su koyar da juna, abubuwa ne da muka sani tun kafin Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa ta Nassarawa a Kano cikin 1909. Abin takaici, ajin boko na yau ya ɗauki hadda da bulala daga tsohon tsari, ya bar bin yaro ɗaya-ɗaya. Daga tsarin Turawa kuma ya ɗauki ƙararrawa da manhaja da jarrabawar ƙarshen zango, ya bar aikin hannu da tattaunawa.

Ba kuwa don hukuma ba ta faɗa ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda aka fitar cikin 1977 ta bayyana cewa ɗalibi ne za a sa a tsakiyar harkar koyarwa. Sai dai ta fito ne shekara guda bayan an soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976, lokacin da aka yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka bayyana. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka cika azuzuwa maƙil. Malamin da aka ba horon 'yan watanni aka tura shi gaban taron yara, ba abin da zai kama sai abin da ya fi sauƙi, watau ya faɗa su maimaita.

Misali Daga Ajin Nahawu

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari mu shiga aji. A ce darasin yau jam'in suna ne. Yadda aka saba, malam zai rubuta ma'anar tilo da jam'i, ya jero azuzuwan jam'i da misalansu, yara su kwafe, gobe a tambaye su. Yaron da tun yana shekara huɗu yake cewa "gidaje" ba tare da an koya masa ba, sai ya fita daga ajin yana ganin jam'in Hausa wani abu ne mai wuya.

Ga wata hanyar. Malam ya rubuta kalmomi takwas a allo: wuri, damo, gida, ƙasa, kifi, zomo, ɓera, tsuntsu. Ya ce kowane benci su haɗa kai su ba da jam'insu. Ba za a yi minti biyu ba za a samu: wurare, damame, gidaje, ƙasashe, kifaye, zomaye, ɓeraye, tsuntsaye. Sai ya tambaya: me ya sa huɗun ƙarshe duk suka ƙare da "-aye", huɗun farko kuwa kowace da tata ƙarshen? Daga nan sai ya yi shiru, ya zaga. Wani benci zai lura cewa a wurare da damame baƙin ƙarshe na tilo ne ya sake dawowa. Wani zai ce ai na rukuni na biyu duk dabbobi ne. Wannan amsa ba daidai ba ce, amma amsa ce ta mai tunani, kuma maimakon malam ya ce "zauna, ba ka iya ba", sai ya ce to damo fa, dutse ne? Ajin zai yi dariya, mai amsar ma zai yi, kuma kowa ya ga yadda ake rushe ƙa'ida da misali guda. In abin ya cije, sai ya ce su furta gaɓar farko ta kowace kalma a hankali, su saurari kansu. A nan ne wani zai ji cewa "wu" ta wuri gajera ce, "ki" ta kifi kuwa doguwa ce. Watau in gaɓar farko marar nauyi ce sai a maimaita baƙin ƙarshe, in mai nauyi ce sai a sa "y". Wannan ƙa'ida tana cikin littattafan nahawu, amma ɗalibin da ya tono ta da kunnensa ya riƙe ta riƙon da mai kwafe ba zai yi ba.

Saura gidaje da ƙasashe. In ƙa'idar maimaita baƙi gaskiya ce, me ya sa ba a ce "gidade" da "ƙasase" ba? Sai malam ya roƙi ƙarin misalai inda "d" ta koma "j", ko "s" ta koma "sh", ko "t" ta koma "c". Yara za su kawo gudu da guje, da mota da motoci, da fasa da fashe. Su da kansu za su ga cewa sauyin yana faruwa ne in "i" ko "e" ta biyo baya. Sai a sa'an nan malam zai ba su sunan abin, ya ce masana na kiransa ganɗantawa. Sunan ya zo a ƙarshe, bayan an riga an ga abin da ake sa wa sunan.

Haka za a yi da jinsi. A bar yara su gwada "ne" da "ce" a kan kalmomi ashirin, su fito da ƙa'idar cewa mai ƙarewa da "a" tamata ce, sa'an nan a jefa musu gida da ruwa da nama da suna su yi ta fama. A tambaye su don me ake cewa "Kano ce" da "Litinin ce" alhali ba "a" a ƙarshensu. A nan kuma wani abu zai taso wanda hanyar lacca ke binnewa, watau karin harshe. Yaron da ya tashi a Zazzau yana iya cewa "riga ne", na Sakkwato ya ce "riga ta". Malamin da ke zuba ilmi zai ce duka biyu kuskure ne, ya wuce. Malamin da ke sauraro zai mai da su abin nazari, ya nuna wa yaran cewa Daidaitacciyar Hausa zaɓi ce da aka yi don rubutu, kuma dole su iya ta, amma harshen iyayensu ba ɓatacce ba ne. Yaron da aka ce masa maganar gidansu kuskure ce, da wuya ya sake ɗaga hannu a wannan zangon.

Ƙa'idojin rubutu ma haka. Maimakon dogon bayani a kan baƙaƙe masu lanƙwasa, a rubuta jimla a cire ƙugiyoyin, a ce wani ya karanta yadda ya gani: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari. A ce kowane benci ya ƙago jimlar da rashin ƙugiya zai mai da ita abin dariya ko abin faɗa. Ga karin sauti kuma, kalmar "baba" kaɗai ta isa darasi guda, don da sauyin murya take zama mahaifi, ko uwa, ko abin rini.

A fannin adabi abin ya fi sauƙi, don adabin baka da ma da amsawa aka gina shi. Mai tatsuniya ba ta ci gaba sai an amsa mata, mai kacici-kacici yana jiran a ba shi gari, waƙar gaɗa ba ta yiwuwa sai da 'yan amshi. Abin kunya ne a ce an shigo da waɗannan aji an mai da su jerin ma'anoni da rabe-rabe da ake haddacewa. Yaran da aka aika su ɗauko tatsuniya ɗaya-ɗaya daga bakin kakanninsu, suka dawo suka tarar labarin Gizo guda ya zo ta fuska huɗu, sun fahimci yadda adabin baka ke yaɗuwa yana sauyawa fiye da wanda aka karanta wa shafi biyar a kan haka. Wasan kwaikwayo irin Uwar Gulma kuwa don a yi shi aka rubuta shi. A karanta shi daga zaune, malam na fassara Hausa da Hausa, zalunci ne ga marubucin.

Tambaya da Jira

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya kamata a ware masa wuri, don ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki. Wata masaniya 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi nazarin faya-fayan darussa masu yawa a farkon shekarun 1970, ta gano cewa in malam ya yi tambaya, abin da yake jira kafin ya maimaita, ko ya nuna wani, ko ya amsa da kansa, bai fi daƙiƙa ɗaya ba. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa "ban sani ba" suka ragu, kuma yaran da da ba a jin bakinsu suka fara magana. Daƙiƙa uku ba komai ba ce a faɗe, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san nauyin shirun nan.

A wurinmu wannan ya fi muhimmanci saboda kunya. An tarbiyyantar da yaro Bahaushe kada ya haɗa ido da babba, kada ya riga shi magana, kada ya nuna ya fi shi sani. Ga 'ya mace abin ya ninka. Wannan tarbiyya tana da kyawunta, ba kuma aikin malamin Hausa ne ya rushe ta ba. Amma in tambaya kullum ta "wa zai gaya mini" ce, yara biyar ɗin nan na gaba su za su yi ta amsawa har shekara ta ƙare. Dabarar ita ce a ce kowa ya fara gaya wa na kusa da shi, ko ya rubuta a takarda, sa'an nan a ce wance ta faɗi abin da bencinsu ya samu. Yarinyar da ba za ta iya cewa "ni a ganina" ba, za ta iya cewa "mu mun ce". Kunyarta tana nan, ta kuma yi magana.

Sai kuma irin tambayar kanta. "Kun gane?" ba tambaya ba ce, don amsarta ɗaya ce tun da aka fara boko.

Cikas da Iyaka

Ba zai kyautu a rufe ido daga masu sukar wannan hanya ba, don suna da hujja. Richard Tabulawa, masani daga ƙasar Botsuwana, ya nuna a littafinsa na 2013 cewa an sha kawo wannan tsari ƙasashen Afirka ta hannun ƙungiyoyin ba da agaji, a yi taron bita, a raba takardu, amma in aka koma aji sai a tarar ba abin da ya sauya, saboda ba a kula da yadda al'umma ta ɗauki ilmi da matsayin babba da yaro ba. Wasu masanan kuma, Kirschner da Sweller da Clark, sun yi bayani cikin 2006 cewa sakin sabon ɗalibi ya gano komai da kansa ba tare da jagora ba yana rikita shi ne kawai, domin wanda bai da tushe ba shi da abin da zai yi tunani da shi. Wannan gaskiya ce, kuma ita ta sa na ce Hausa ta fi dacewa da tsarin, don a nan tushen yana nan. A darasin jam'in da aka kawo a sama, mai karatu zai lura malam bai tafi ofis ya bar yara ba. Shi ya zaɓi kalmomin takwas, kuma da ya sa "doki" ko "mutum" a cikinsu da darasin ya watse. Shi ya san lokacin jefa damo, da lokacin ba da suna. Akwai kuma abin da ba a ganowa, sai an faɗa: ba yaron da zai zauna ya gano shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, sai a ce masa 1939.

Babban cikas shi ne yawan yara. Manufar Ilmi ta Ƙasa, bugun 2004, ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Kowa ya san akwai makarantun gwamnati a manyan garuruwanmu inda aji guda ya ninka haka, wasu yaran a ƙasa, ba ko hanyar da malam zai bi ya zaga. Duk da haka, mai yara ɗari ya fi kowa buƙatar ya raba su su taimaki juna, don shi kaɗai ba zai taɓa jin bakin kowa ba, kuma alaramma mai almajirai ɗari bai taɓa cewa sai shi kaɗai zai biya wa kowa ba. Akwai wata hanya da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, wadda aka fara gwadawa a Jihar Borno wajen 2018. Akan gwada kowane yaro shi kaɗai a ga inda ya tsaya, ko bai san baƙi ba, ko ya san baƙi, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko labari. Sai a raba yara bisa wannan matsayi na wani lokaci a kowace rana, ba bisa shekaru ko aji ba, wanda ya ƙware a matsar da shi gaba. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ce ai wannan babbaƙu da farfaru ne aka sake wa riga.

Sai jarrabawa. Muddin abin da WAEC da NECO da jarrabawar zango suka fi nema shi ne a kawo ma'ana a jero rabe-rabe, malam zai ga tattaunawa ɓata lokaci ce, shugaban makaranta kuma in ya ji aji na hayaniya zai ɗauka malam ya kasa riƙe yara. Wannan ba a hannun sabon malami yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne makin aikin aji, wanda yana iya ba da shi a kan tatsuniyar da yaro ya ɗauko, ko wasan da rukuni ya shirya, maimakon gwajin cike gurbi.

Cikas na ƙarshe a gidanmu yake, kuma da neman afuwar malamaina nake faɗarsa. Malamin da ya buɗe ƙofar tambaya, za a tambaye shi abin da bai shirya ba. Wata rana yaro zai ce, in "ruwa" namiji ne, don me ake cewa "ruwaye" wani lokaci, wani lokaci kuma a ce "ruwa sun yi yawa"? Mai ƙaramin sani ba zai jure wannan ba, zai koma ga alli da bulala don su ne ke rufa masa asiri. Ashe ke nan tsarin ya fi tsohon buƙatar malami mai zurfin ilmi. To, mu kuma da ake shiryawa, yawancin karatunmu na jami'a shifta ce: a karanto, mu rubuta, mu haddace, mu mayar. Wanda aka yi wa shifta shekara huɗu, shifta zai yi wa na bayansa. Da za a ware ko da sa'a ɗaya a mako a darussan nahawu da adabi, a ba mu kalmomi ko baitocin da ba mu taɓa gani ba, a ce mu fito da ƙa'idarsu mu kare ta a gaban 'yan'uwanmu, malam yana gefe yana jefo misalan da za su rushe ta, da mun fita mun san yadda abin yake a jikin ɗalibi kafin a miƙa mana namu ajin.